Ƙwaryar da Baba Ya Kaɓar

A shekarar farin nan ta bayan yaƙin basasa, ruwan kogin Haɗeja ya ƙi hawowa fadamarmu, tafki ɗaya tal ya rage wa ƙauyenmu da ke kusa da Guri. A nan muke ɗiban na sha, a nan shanun Fulani ke sha, kifin da ya rage ma a ciki ya taru. Babana masunci ne, ga shinkafarsa ta ƙone a gona. Sai ya yanko ganyen magimfa ya jibge a zaure, wai zai daka ya zuba a tafkin, kifi ya bugu ya taso gaba ɗaya. Kowa ya san abin da ke biyo baya. Ƙananan kifi su mutu su ruɓe, ruwa ya yi ɗoyi, cikin yara ya ɓaci.

Bulama, mai garinmu, ya yi magana, liman ya yi, Inna ta yi har bakinta ya gaji. Baba ya ce yunwar gidansa shi kaɗai ya san ta. Har yau ban cika ganin laifinsa ba, don na ɗanɗani yunwar nan. Amma taurin kai kam Allah ya hore masa, ni ma a wajensa na gada.

Mutum ɗaya ne ke tsokanarsa ya kwana lafiya, wato taubashinsa, wanzamin garinmu, wanda muke kira Baffa. Tsakanin taubasai ba a fushi, ko me aka yi maka sai dai ka rama da wasa. Baffa ne ke tara samari su yi wasan kwaikwayo bayan girbi. A shekarar babu girbi, amma ya ce wasa ba fashi. Ya lallaɓa Inna ta ba shi aron malafar Baba, ta haɗa masa da ni. Aikina shi ne in karɓi ƙwarya in sha, in riƙe ciki in faɗi. Na yi ta koyon faɗuwar nan a bayan rumbu har gwiwata ta saluɓe.

Ranar kasuwa bayan la'asar aka yi da'ira a gindin tsamiya. Daro cike da ruwa shi ne tafki, yara suka kewaye shi a matsayin kifi. Sai ga Baffa da malafar, yana tafiyar Baba ta gwale ƙafa, yana gyaran muryarsa sak. Kasuwa ta kwashe da dariya. Baba na tsaye a baya, ya yi yaƙe ya ce, "Bawan nan, za mu haɗu."

Baffa ya kirɓa ganye a turmi ya juye a daro, ruwa ya koma kore shar. Yaran suka bi ƙasa suka baje ciki sama. Ya kwashe su yana rawa, sannan ya ɗebo ruwan a ƙwarya ya miƙo mini.

"Sha, 'yata, kin sha rana."

Na kai baki ke nan sai na ji an kaɓe ƙwaryar, ruwa ya wanke mini zane. Baba ne. Ban san lokacin da ya keto mutane ba. Ya riƙe wuyan hannuna gam. Dariya ta ɗauke.

Baffa ya cire malafar ya miƙa masa, ya sassauta murya ya ce, "Ganyen rama ne, ɗan'uwa. Naka yana zaure."

Baba ya ja ni muka tafi gida. Ni kuwa haushi ya cika ni, faɗuwar da na ƙware a kanta an hana ni yi. Washegari ya kwashe magimfar ya kai bayan gari ya cinna mata wuta. Ya koma kamun kifi da komarsa, ɗan abin da ya kamo mu yi miya da shi. Mun sha wuya, ba zan ɓoye ba, amma tafkin ya kai mu damina da ruwa mai shawuwa.

Duk sanda na yi wa Baba addu'a sai na haɗa da Baffa, Allah ya jiƙansu, na gode musu su biyun. Baba bai taɓa tayar da zancen ba har ya rasu. Sai dai ko bayan na yi aure, in ya zo gidana na ɗebo ruwa zan sha, sai na ga ya miƙo wuya ya leƙa cikin moɗar.