Jirgin surukin magatakarda

"Kai da ka tsaya aji uku, mi ka sani a kwangila?"

Haka magatakarda ya daka mini tsawa a gaban hakimi, shekarar samun 'yancin kai, don na yi ƙorafi an ba surukinsa kwangilar jirgin fito na hanyar Illo, ko duba jirgin da na sassaƙa ba a yi ba.

Na ce wa hakimi, "Ranka shi daɗe, boko ya kayar da ni, amma na san ruwa. Kowa shi hau jirgin da ya sassaƙa, mu ƙetare kogin Kwara."

Surukin ya leƙa nasa, ya ga ruwa na tsattsafowa, sai ya ƙi hawa, wai ciwon ciki ya taso masa.

Ni aka ba kwangilar, da ita na yi aure.

A garinku, wane ɗan kwangila zai yarda ya hau aikinsa?