Ranar da Muka Je Ganin Kadojin Bazule

Shekara guda bayan gobarar Rood Woko, babbar kasuwar Wagadugu, aurenmu ya cika shekara ashirin. Ni ban ma san ya cika ba. Babbar 'yarmu ce ta lissafa, ita da ke lakwal, wato makarantar boko. Ta ce iyayen ƙawayenta idan irin wannan rana ta zo sukan fita su biyu kaɗai, su ci abinci a waje, su ga gari. Rabin maganar da Hausa ta yi ta, rabi da Faransanci, kamar yadda yaran unguwarmu ta Zango suke yi yanzu.

A lokacin babu mai ƙarfin dariya a gidanmu. Rumfar maigidana ta ƙone da atamfofinta, tun daga nan yake ɗaura 'yan turamen da ya samu a bayan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa, yana bin gidaje, yau Tampouy, gobe Ouidi. Yakan dawo idanunsa jajur, ya ci tuwo ya kwanta. Ni kuma tun asuba ina gaban tanda a ƙofar gida ina tuyar waina, har hayaƙi ya zama warin jikina. Na ce wa yarinyar ta bar zancen. Sai ga shi uban, wanda na zaci ba ya ji, ya ce za mu je. Bazule ya zaɓa, ƙauyen nan na yamma da gari inda kadoji ke zaune da mutane. A Zango aka haife ni, amma ban taɓa zuwa ba.

Muka fita da hantsi ranar wata Lahadi. Na sa leshin da nake zuwa biki da shi, na hau inda atamfa ke hawa. Ba mu yi nisa da barin gari ba tayar baya ta sace. Muka tura mobilet a gefen titi cikin rana, manyan motoci na wuce mu, har muka iske mai faci a gindin wata bishiya. Kusa da shi wata tsohuwa tana sayar da benga, wake da shinkafa irin na Mosawa. Maigidana ya saya mana kwano ɗaya, aka zuba mai da yaji. Waken bai gama nuna ba, kuma gishiri ya yi kaɗan. Na buɗe baki zan faɗa, sai na tuna ba ni na dafa ba, babu kuma wanda zai tambaye ni. Na cinye rabona.

Lokacin da muka isa, ƙuguna kamar an sassara shi. Wani mutum mai sanda ya kai mu bakin tafkin, yana bayani da Mosanci cewa kadojin nan ba sa taɓa ɗan garin, idan ɗaya ya mutu ma binne shi ake yi. Suna kwance a taɓo, baki buɗe, ko motsi babu. Da farko na ɗauka itatuwa ne. Mutumin ya ɗaura 'yar kaza mai rai a kan sandarsa yana lilo da ita, wani ƙato ya jawo jiki a hankali, ya haɗiye ta. Wasu nasaru biyu da ke gefe suka yi ta ɗaukar foto. Ni dai kazar nake tunani, da yawan bakin da za ta ciyar a gidana idan ta shiga miya.

Aka ce in zo in tsuguna a bayan kadan in taɓa wutsiyarsa. Na ce Allah ya sawwaƙe. Maigidana ya je, ya tsuguna, ya ɗora hannu, ya daɗe a haka fiye da yadda ake yi. Da ya tashi sai da ya dafa gwiwa.

Bayan azahar muka zauna a wata rumfa inda ake gasa kaji. Sai da maigidana ya tambayi wanda ya yanka, mai gashin ya nuna masa wuƙarsa da buzun sallarsa, sannan ya yarda. Kazar ƙauye ce, mai tauri, ta sha tafarnuwa da albasa, aka haɗo mana da zom-kom, ruwan garin gero mai tsamiya da citta, da sanyinsa. Wannan kam ba ni da abin cewa a kansa. Na ci cinya ɗaya, na jingina da ginshiƙin rumfar don in huta kaɗan. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba.

Na farka rana ta karkata. Wani ya shimfiɗa mini ɗankwalina a fuska saboda ƙudaje. Maigidana yana zaune inda na bar shi, ya rufe sauran kazar da takarda, bai ƙara ci ba. Na ji kunya, na ce me ya sa bai tashe ni ba, ga shi ba mu ga komai ba.

"Me ya rage a gani?" in ji shi. Sannan ya ce, "Ko an sake gina kasuwar nan, ban jin zan iya farawa daga tushe. Na gaji. Ina tunanin mu koma gida."

Gida a bakinsa shi ne ƙauyensu a Nijar, inda ya baro tun yana saurayi. Sau ɗaya na taɓa taka wurin. Uwata da ubana a Wagadugu aka binne su, yaranmu kuma Mosanci ya fi zama a bakinsu. Duk wannan ya zo mini, amma ba ni da ƙarfin jera shi.

Na ce, "Malam, ci kazarka tukuna."

Ya ci. Muka yi la'asar a bayan rumfar, muka kama hanya. Ana kiran magariba muka shiga Zango. Yarinyar ta tarye mu a ƙofa tana tambaya ko mun ji daɗi, uban ya ce ƙwarai, ni na wuce ɗaki na kwanta da leshin a jikina.

Bai sake ta da maganar ba sai da damina ta wuce. Ya ce zai je shi kaɗai ya duba, ban hana shi ba. Ya yi kusan wata guda. Ya dawo a rame, da 'yar jakar busasshiyar kuɓewa da ƙanwarsa ta aiko mini. Ya ce waɗanda ya sani yawanci sun rasu, gonar ubansu kuma 'ya'yan ƙannensa sun raba, ko'ina ya shiga baƙo ake ce masa. Na ɗora masa ruwan wanka. Ya kwana biyu bai fita ba, a na uku ya ce in miƙo masa igiyar ɗaure atamfa a bayan mobilet.