Asabar ɗin da na zaɓa da gangan

Shekarun baya muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo a Minna, irin na dandamali mai haɗe da waƙa da rawa. Ni na kafa ta, ni nake ba da umarni, ina jin daɗina, har wani abokina ya shigo.

Ɗan Sabon Gari ne, Ibo, mai bin addinin Yahudawa, kullum da 'yar hularsa a tsakiyar kai. Mutumin nan Allah Ya ba shi kunne. Sai in yi sati ina fama da 'yan amshi, shi ya tafa hannu sau biyu ya ce, "Ku bari ganga ta numfasa tukuna," waƙa ta zauna daram. Kafin in ankara 'yan wasa sun koma ce masa darakta, ni kuma Malam. Wallahi abin ya ci min rai.

Sai ya shirya wasa a kan wani tela Bayahude da ya yi shekaru yana ɓoye wa maƙwabta addininsa. Labarin mahaifinsa ne. Wata huɗu muna gwaji.

Kowa ya san saboda addininsa, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa ta Asabar ba ya aiki, ba ya shiga mota, ko makirfo ba ya taɓawa. Ni aka aika neman zaure a unguwar Shango, can gefen gari. Mai zauren ya ce akwai Lahadi, akwai Asabar da rana. Na dawo, ko kunya babu, na ce Asabar kaɗai ta rage.

Abokina ya dube ni ya ce, "To mutumina, kai za ka ja su."

Ranar na ci babbar riga, ina ta kai-kawo. Ana gab da farawa sai ga shi sharkaf da gumi, ƙafa buɗu-buɗu. Ashe takowa ya yi tun daga Sabon Gari cikin zafin nan. Ya zauna can baya.

A waƙar ƙarshe, inda telan yake fito da hularsa ya saka a gaban maƙwabta, 'yan wasa duk suka juya suna rera wa layin baya. Ni da babbar rigata ko waiwayata ba a yi ba.

Da aka tashi ya ce min, "Ka riƙe su da kyau. Mai zauren nan, ai babana ne yake masa ɗinki. Tun ranar ya gaya min akwai Lahadi."

Na ce, "To me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Na ga kana so sosai."

Har yau muna zumunci, bai taɓa tayar da zancen ba. Ƙyashin nan kuma bai tafi ba: a da kunnensa nake ƙyashi, yanzu har da zuciyarsa. Sau ɗaya tak aka yi wasan, kuma sunana ne darakta a katin gayyata. Yana ƙasan akwatina, ban taɓa nuna wa kowa ba.