Ƙofar Iskar da Ta Toshe

Shekara sama da ashirin ina gyaran mashin a Rano, na manta da yawa daga cikin waɗanda suka ratsa hannuna. Amma mashin ɗin kawuna kam, har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba.

A farkon shekarun dawowar mulkin farar hula ne, lokacin da ake ta maganar Shari'a a rediyo, mashina kuma suka yi araha, kowane lungu sai ka ga ɗan acaɓa. Ni a lokacin ban daɗe da buɗe garejina ba, aiki ya yi min yawa, kaina kuma ya yi girma. Gani nake da jin ƙarar inji kawai na san ciwonsa.

Kawu manomi ne a Nariya, ƙanen mahaifiyata. Da ta rasu ina ƙarami, a gidansa na tashi, matarsa da muke kira Inna ita ta raine ni. Tana fama da ciwon fuka, in ya tashi sai an kai ta asibiti a Rano. Saboda ita ma Kawu ya sayar da gyaɗarsa wata shekara ya sayi mashin na hannu.

Wata ranar kasuwa ya shigo garejin ya ce, "Ɗan nan, duba min abin hawan nan. Ina cikin tafiya sai ya riƙa fizga, ya yi kamar zai tashi sama, sai kuma ya yi sanyi ya mutu. In na ɗan jira sai ya tashi kamar ba shi ba."

Na buga masa kik sau ɗaya ya kama. Na murɗa totur, ƙara tas. Na kwance fulogi na ga ya yi baƙi, na sa sabo, na ce ya tafi an gama.

Bayan sati ya dawo da magana iri ɗaya. Wannan karon na sauke kafireta na wanke, na busa tiyon mai, na zaga da shi bayan tasha na dawo. Lafiya lau. Zuwansa na uku na canza koyil. A ranar mutane sun cika min gareji, kowa na jira, sai Kawu ya matso ya ce, "Akwai wani abu da na lura da shi, ban sani ba ko..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Kawu, man 'yan bumburutu ne kake sha, shi ke ɓata maka fulogi. In ya mutu ka kwance ka goge, zai tashi." Har da ba shi sifana. Ya karɓa ya ce, "To, kai ka san aikinka. Allah ya yi albarka."

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, cikin damina. Ciwon Inna ya tashi fiye da yadda aka saba. Kawu ya cika tanki, ya ɗora ta, ƙanwarta ta hau baya ta riƙe ta. A kan hanyar Kibiya zuwa Rano mashin ya fara fizga, ya mutu. Suka kwantar da ita a gindin wata ɗorawa, shi kuma ya durƙusa yana yin abin da na koya masa: ya kwance fulogi mai zafi, ya goge da bakin rigarsa, ya mayar, ya yi ta kik. Da ƙyar ya tashi, ba su yi nisa ba ya sake mutuwa. Sai da wata motar hatsi ta zo ta ɗauke su. Kafin su kai asibiti Inna ta cika.

Da na je Nariya na tarar da yatsunsa duk sun yi bororo saboda ƙuna.

Bayan addu'ar bakwai ya nuna min mashin ɗin a jingine jikin rumbu ya ce in tafi da shi, ba ya son ganinsa. Na hau na kama hanyar Rano. Shi ne karo na farko da na yi doguwar tafiya a kansa. Na yi kamar minti goma sha biyar, sai na ji ya fizge ni gaba, ya saki, ya sake fizga, ya yi tari ya mutu. Na sauka. Wuta na nan, fulogi garau. Na zare tiyo, mai sai ɗiga yake kamar tanki ya ƙafe, alhali ina jin nauyinsa. Na sa makulli na buɗe murfin tanki don in leƙa, sai na ji "fuuu", iska ta shige ciki, nan take mai ya ɓalle ta tiyon ya jiƙa min ƙafa.

A jikin murfin tanki akwai wata 'yar ƙofa kamar ta allura, ta nan iska ke shiga ta maye gurbin man da inji ya sha. In ta toshe, mai sai ya daina sauka a hankali, inji ya riƙa samu yana rasawa har ya mutu. In tanki a cike yake, abin ya fi saurin zuwa. Tsatsa da ƙasa ne suka cike ƙofar nan. Na tsinke zaren waya guda na zura, ko minti ɗaya ban yi ba. Daga nan har Rano bai ƙara ko tari ba, ni kuwa hawaye ya hana ni ganin hanya sosai.

Washegari na koma na durƙusa gaban Kawu na faɗa masa komai. Ya ce, "Ai wannan hucin nake son gaya maka ranar nan. Duk sanda na buɗe in duba mai sai in ji shi, kuma sai ya tashi. Da ka ce fulogi ne, sai na ɗauka shirmen ɗan ƙauye ne."

Na ce, "Kawu, ka yafe min."

Ya dafa kaina ya ce, "Kwananta ne ya ƙare. Ita ta raine ka, ba za ta so ka ɗauki wannan kayan ba. Tashi."

Na yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ban san ko da sun isa da wuri za ta rayu ba. Amma na san nawa sakacin, ba na ɓoye shi a bayan ƙaddara. Tun daga ranar na gane cewa wanda ke zaune da matsala ya fi ni saninta, ko da bai san sunan ƙarfe ko ɗaya ba. Yanzu duk wanda ya zo min da ƙorafi, komai cikar gareji, sai in ajiye abin da ke hannuna in ce, "Zauna ka faɗa min duka." Kuma ba na buɗe baki sai ya kai ƙarshe.