Shanun Baba da Lissafin da Ya Zo a Makare

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da wata huɗun da Baba ya yi a ɗakina na unguwar Ƙauyen Alu a birni ba, da ranar da na toshe masa baki a gaban likita. Shekaru sun wuce, amma har yau in na ɗauko fasinja zuwa Gyadi-Gyadi, kawar da kai nake yi in na zo daidai ƙofar asibitin nan.

Lokacin ina tuƙa adaidaita-sahun wani, kullum yamma in kai wa mai ita balas, wato kuɗinsa na ranar. Baba kuwa manomi ne a ƙauyenmu, kuma ban da gona, duk abin da ya mallaka shanun huɗa ne guda biyu. Da su yake nome gonarsa, da su yake yi wa mutane huɗa a biya shi. Fitsari ne ya fara yi masa gardama, har aka sa masa robar fitsari a asibitin garinmu, aka ce in yana son rabuwa da ita sai an yi masa aiki a birni. Ba abin gaggawa ba ne, zai iya zama a haka muddin ana canja robar a kan lokaci. Ni ne na matsa. Na kasa jure ganin mahaifina yana ɓoye leda a ƙarƙashin riga, ya koma sallah a sahun baya.

Layin asibitin gwamnati ya yi mana tsawo, sai na kai shi wani na kuɗi. Likitan mutumin kirki ne, ba zan yi masa sharri ba. Ya duba shi a tsanake, ya ce aikin ba mai wahala ba ne. Baba, wanda ko allura bai taɓa saya ba sai ya ji farashi, ya gyara zama.

"Likita, daga shigata har fitata, nawa zai ci gaba ɗaya?"

"Sai mun ga sakamakon gwaji tukuna, Baba. Maganar kuɗi kuma ba a nan ake yin ta ba, akwai masu karɓa a waje."

"To ko kintace ne, ka ɗan..."

Kunya ta rufe ni. Gani nake an gane ƙauyancinmu. Na dafa gwiwarsa na ce, "Haba Baba, nan fa ba kasuwar shanu ba ce. Ba a ciniki a asibiti." Ya dube ni, ya miƙe muka fita.

Sai a hanya, muna tsaye a danja, ya ce, "Ba ciniki nake ba. In kuɗin sa ɗaya ne, a yi, ɗayan sai in haɗa shi da na maƙwabcina mu riƙa huɗa tare. In na biyu ne, in koma gida da robata." Na ce masa ba zai kai haka ba. Wallahi ban san komai ba lokacin da na faɗa, baki ne kawai da son a ce ɗansa ya waye.

Aka sayar da sa na farko. Daga nan muka shiga abin da ban taɓa gani ba: ba wanda ya taɓa faɗa mana babban kuɗi, kullum 'yar ƙaramar takarda ce. Yau gwajin jini, jibi hoto, gata a duba zuciya. Aka ce jininsa ya hau, sai ya sha magani na makonni kafin a taɓa shi. Na taɓa tambayar mai karɓar kuɗi ko saura nawa, ta ce ita abin da aka rubuto take karɓa. Duk takardar da na biya sai Baba ya ce, "Shi ke nan?" Ni kuma in ce, "Saura kaɗan."

Da aka zo maganar ranar aiki sai ga kuɗin ɗakin tiyata, ga jini leda biyu da za a tanada. Kuɗin hannunmu ya riga ya ƙare. Baba ya ce mu haƙura. Na hau shi da magana, na ce yanzu da muka zubar da sa guda za mu koma hannu rabbana? Na kira ƙanena a waya na ce ya kai na biyun kasuwa. Dillalai sun ga alamar matsuwa, suka yi masa tayin wulaƙanci, ya dawo da shi, ya sake kai shi, haka har kasuwa uku.

Ranar da na je da kuɗin ina murna, aka buɗe fayil aka ce gwaje-gwajen sun tsufa, sai an sake su. Ban san lokacin da na fara ɗaga murya ba. Wata nas dattijuwa ta ja mu gefe, ta zaunar da Baba a benci, ta karɓi katinmu ta juya bayansa. Ta rubuta gwajin da za a sake, ɗakin tiyata, mai allurar barci, jini, gado na kwanaki, magungunan bayan aiki, ta ja layi ta haɗa. Minti biyar bai cika ba. Abin da ta rubuta ya haura abin da ke aljihuna da kusan kuɗin wani san.

Na ce, "Hajiya, ashe ana iya haɗawa? Me ya sa ba a yi mana haka tun ranar farko ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba a saba ba ne, Malam. Mutane in suka ji jimla gudu suke yi."

Baba bai iya karatun boko ba, ya sa na karanta masa sau biyu. Ya ninke katin ya sa a aljihu, ya ce mata, "'Yata, ai gudun ma haƙƙinmu ne."

Bai yarda a sayar da gona a cike kuɗin ba. Ya koma gida ana gab da saukar damina, da robarsa. Kuɗin sa na biyun da aka sayar da araha bai isa sayen wani sa mai huɗa ba, a canjin roba da magani ya narke. Da na je gida a tsakiyar damina na same shi a gona da fartanya, ya ɗaure ledar a cinya, yana noma yana hutawa. Ko rabin gonar bai iya nomewa ba, sauran ciyawa ta cinye. Bai taɓa ce mini kai ka jawo ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Bayan damina uku Allah Ya yi masa rasuwa, da robar a jikinsa. A akwatinsa muka ga katin nan a ninke.

Abin da na koya ke nan: aikin da ba na gaggawa ba, ya kamata a wajabta wa kowane asibiti ya rubuta wa mutum kintacen kuɗinsa tun kafin ya biya ko sisi, ko da zai ɗan haura daga baya. Tambayar farashi ba ƙauyanci ba ce. Yanzu duk marar lafiyar da na ɗauka sai na ce masa ya sa a rubuta masa, wasu su ji, wasu su yi mini kallon mai surutu. Baba bai nemi ragi ba, bai nemi sadaka ba. So ya yi ya sani tun yana da shanun da zai koma wa, ni kuma na ce ya yi shiru.