Neman yafiya a garin da ba kowa

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Birni, a gidanmu na jikin duwatsu, na taɓa shiga wani gari da babu shi a doron ƙasa don in nemar wa mamaci yafiya. Ɗazu na ga yarana sun duƙufa kan salula, sai abin ya faɗo mini.

Ƙanena mai bi na gyaran salula yake yi a bakin kasuwa. Tun yana kwalej ya kamu da wani wasa na intanet, irin wanda mutum zai ƙera ɗan mutum-mutuminsa, ya raɗa masa suna, ya shiga wata duniya mai garuruwa da dazuzzuka, ya tarar da mutane daga ƙasashe barkatai kowa da nasa. Tare suke fita farautar dodanni, su yi ciniki, su ɓata, su shirya. A siber, shagon intanet, ya fara, daga baya ya sayi tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, ya kafa a ɗakinsa. Inna, mahaifiyarmu, aljanun akwati take ce musu. Ni kuwa tsokana ce tawa: "Sarkin yaƙi, in ka gama da dodon, ga jarkoki can ba ruwa."

Wata rana na kai masa fura, na tsaya ina leƙe. Ya ce, "Yaya, garin nan da kike gani, da can ba wurin sa ƙafa. Yanzu an watse. Wasu sun yi iyali, wasu sun koma wasannin salula da ake gamawa kafin shayi ya nuna. Waɗanda suka ƙera wasan ma ba abin da suka sa gaba sai sayar wa mutum sulke da doki." Na ce, to waɗannan da ke ta kai da kawo fa? Ya ce, "Ba mutane ba ne. Masu su sun kunna injin da ke motsa su sun yi tafiyarsu."

Bayan damina ciwo ya kwantar da shi. A gidan likita, ranar da jikin ya yi tsanani, ya riƙe mini hannu ya ce, "Yaya, akwai mai gaba da ni." Wai abokinsa ne na cikin wasan, ɗan wata ƙasa mai nisa, shekara da shekaru suna tare ba su taɓa ganin fuskar juna ba. An ci su a wani yaƙi, ransa ya ɓaci, ya rubuta masa baƙar magana. Tun daga nan, kullum bayan la'asar zai tarar da abokin tsaye ƙarƙashin wata bishiya a ƙofar gari, ya gaishe shi, ya ba shi haƙuri, shiru. Watanni ana haka. Ya ce, "Ki je ki roƙar mini shi. Ordinatar ɗin tana shiga wasan da kanta."

Bai kwana biyu ba Allah ya karɓi abinsa.

Wurin jana'iza, muna cikin gida muka ji liman a waje yana cewa jama'a su yafe masa, maza suka amsa, "Mun yafe." Ni kuwa zuciyata cewa take, wanda ya kamata ya amsa ba ya nan. Kawunmu da ya zo daga Droum ya ce, "Ke kam! Wasa ne fa, ana hisabi kan wasa?" Sai da kawu ya tashi, maigidana ya ce, "Da hannunsa ya rubuta, ɗan Adam kuma ya karanta. Je ki nema masa."

Da aka tashi zaman makoki na shiga ɗakinsa bayan la'asar. Kada ku yi mini dariya, sai da na zura hijabi, tunda cikin maza zan shiga. Na yi bisimilla na kunna. Abin da ya fara tarbata jan rubutu ne da Faransanci, wai ƙarshen wata za a rufe wannan duniyar gaba ɗaya. Sai ga ɗan mutumin ƙanena cikin koriyar alkyabba, ya ba ni baya. Kafaɗunsa na ɗagawa suna sauka. Numfashi yake yi. Ni da na ga an fita da mai shi a makara.

Ban san abin da na taɓa ba, sai ya kama tafiya da kansa, yana bin lungu kamar mai sauri zuwa wani wuri. Na janye hannuna na kama Ayatul Kursiyyu. Ban kai ƙarshe ba kuran, wutar lantarki, ya ɗauke, ɗakin ya yi tsit, ba abin da nake ji sai kukan kurciya a kan katanga. Ranar nan da gudu na fito, takalmi ɗaya a ƙafa.

Washegari na daure na koma. Na ɗan gane madannan, ko da yake sai karo nake da bango kamar makauniyar akuya. Na ratsa kasuwarsu, cike take maƙil. Na rubuta sallama, na ƙara da gaisuwar Faransanci ta 'yan kwalej. Ba wanda ya waiwayo. Wani ya je bakin rijiya ya dawo, ya je ya dawo, sawunsa bai sauya ba. Wani yana ta maimaita talla ɗaya, ba mai saye. Suna ratsa jikin juna suna wucewa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na cikin wannan taron ba.

A ƙofar gari na ga bishiyar. Ga shi kuwa tsaye, dogo, da garkuwa a baya. Na rubuta: "Ni ba shi ba ce, yayarsa ce. Allah ya yi masa rasuwa. Ya ce in roƙe ka ka yafe masa." Na jira har aka kira magariba. Shiru, sai kafaɗunsa da ke ɗagawa.

Haka na yi ta zuwa. Wata rana rezon intanet ya hana, wata rana kuran. Wata yana ƙarewa, ni kuma ina ganin ƙanena zai tafi da nauyin nan ba mai sauke masa. Har na fara zargin ko shi ma inji ne nake ta roƙo.

Ana gab da rufewa, na sake rubutawa, na ce ba zan tashi ba sai na ji wani abu, ko da zagi ne. Sai dogon nan ya juyo a hankali ya fuskance ni. Rubutu ya fito, ɗaiɗai, kamar na mai laluben haruffa:

"Ni ma ba shi ba ce."

Mahaifiyar abokin ce. Ɗanta ya rasu a hatsarin mota, kwanakin da suka yi faɗan nan. Ta ce kullum da yamma takan kunna ta zauna tana kallonsa, don nan ne kawai ya rage yana motsi. Duk gaisuwar ƙanena ta karanta. Na ce, "Mama, me ya hana ki gaya masa?" Ta rubuto: "Na ji tsoro in ya sani zai daina zuwa. Sai ɗana ya tsaya shi kaɗai."

Na bayyana mata cewa a wurinmu ba a son mamaci ya tafi da haƙƙin kowa a wuyansa, shi ya kawo ni. Ta ce, "Ban sani ba ko ɗana ya ga saƙon. Ni dai na gani, kuma ni ɗin ya zaga, uwarsa ya ambata. Na yafe tuntuni. Amma ni wa zai yafe mini shirun da na yi masa?"

Wallahi na kasa yafe mata. Na tuna hannunsa a cikin nawa a gidan likita. Na tashi na samu Inna tana tsince wake, na zayyana mata komai. Ta ture faifan, ta bi ni ɗakin da ba ta taka ba tun rasuwar. Ta daɗe tana kallon mai koriyar alkyabba. Ta ce, "Wannan ne shi?" Na ce e. Ta share fuska da gefen zane ta ce, "Rubuta mata uwarsa ta yafe. Sannan ki kashe abin nan, ku bar 'ya'yan mutane su kwanta."

Na rubuta, matar ta yi godiya, na kashe. Ban sake kunnawa ba.

Har yau in na ji ana cewa irin waɗannan wasannin sun mutu, garuruwansu ba kowa, nakan yi tunanin nawa ne a ciki suke tsaye suna numfashi alhali masu su na ƙarƙashin ƙasa, ba wanda ya kai labari. Ban san sunan matar nan ba, ban tambayi addininta ba, amma nakan roƙa mata sanyin zuciya. Ku da kuke wuni da mutane a cikin salula, zama ne na gaske kuke yi, da haƙƙinsa. Ku gaya wa na gida su wa kuke zama da su. Ni dai na riga na nuna wa babbar 'yata shafin nan da nake muku rubutu, inda za ta zo ta sanar da ku, ranar da kuka ji ni shiru.