Ranar da Motar Ta Kafe a Fadama

Mu huɗu ne a bakin fadama ranar: ni, ƙanena mai kula da shanun huɗata, makaniken da aka ɗauko daga Isa a kan babur, sai direban motar.

Direban na riga na san shi. Farkon daminar nan ya bar hanya ya ratsa tsakiyar gonata don ya yanke zuwa Sabon Birni, gero ya kai gwiwa, ya kwantar da shi kunya bayan kunya. Da na tare shi, ko sauka bai yi ba. Ya leƙo ta taga yana dariya, ya ce, "Inna, motag ga gaba da baya take ja, ba ruwanta da hanya."

To, ga ta yau a laka har ciki. Tayoyin baya na juyawa suna watsa taɓo, na gaba ko motsi.

Makaniken ya fito daga ƙarƙashinta yana goge hannu. Ya ce akwai wani zobe mai haƙora a cikinta, da ƙaramin ƙarfe mai haƙora, wato giya, a tsakiya, wasu ƙanana na zagaye tsakaninsu. Babban zoben ke tura baya, ƙaramin ke jan gaba, shi ya sa baya ta fi samun ƙarfi. In baya ta sulɓe, gaba ma ba ta samun abin kirki, kuma abin da ke kulle su tare ya lalace. Na gane. Mu ma in sa ɗaya ya fi ƙarfi, wajensa muke matsar da igiyar karkiya.

"Sai dai a jawo ta da shanu," in ji shi.

Direban ya dubi ƙanena. Ƙanena ya dube ni.

"Inna, don Allah," in ji direban, har da rusunawa.

"A'aha! Yau ni ce Inna ta don Allah? Ba kai ne mai gaba da baya ba? Ta ja mana."

"Kuskure ne, Inna."

"Za ni duba," na ce, na juya gida.

Da safe na sa aka ɗaura wa shanun karkiya. Direban na zaune a kan motar, ya hango mu ya miƙe da murna. Na bi ta gabansa a hankali, na gaishe shi da kwana, na kora su gonata muka sake huɗe inda ya tattake.